Dadasaheb Phalke

Dhundiraj Govind Phalke (30 ga Afrilu, 1870 – 16 ga Fabrairu, 1944), wanda aka fi sani da Dadasaheb Phalke, darakta ne kuma mai shirya fim ɗan ƙasar Indiya, wanda ake yi wa laƙabi da uban fina-finan Indiya. Shi ne ya shirya Raja Harishchandra a shekarar 1913, wanda gwamnatin Indiya ta amince da shi a matsayin cikakken dogon fim na farko da 'yan ƙasar suka yi da hannunsu. A tsawon rayuwarsa ya shirya dogayen fina-finai sama da 90 da gajeru sama da 20, kusan dukkansu marasa sauti. Duk da haka ya rasu cikin talauci, bayan masana'antar da ya kafa ta daina waiwayarsa. Shekara 25 bayan rasuwarsa gwamnati ta sanya sunansa a kan lambar yabo mafi girma da ake bayarwa a Bikin Kyaututtukan Fina-finai na Ƙasa, wanda ake yi kowace shekara a Indiya.

Suna da asali

An haifi Phalke a garin Trimbak, kusa da birnin Nashik, a yankin da ake kira jihar Maharashtra a yau. A lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Iyayensa masu magana da harshen Marathi ne, daga zuriyar Brahmin, wato gidan malamai da masu jagorantar ibada a addinin Hindu. Mahaifinsa, Govind Sadashiv Phalke, masanin tsohon harshen Sanskrit ne, sunan mahaifiyarsa kuwa Dwarkabai. Da mahaifin ya samu aikin koyar da Sanskrit a Kwalejin Wilson da ke Bombay, wato Mumbai ta yanzu, sai iyalin suka koma can.

Dadasaheb ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne na girmamawa. A harshen Marathi kalmar dada tana nufin babban wa, saheb kuma kalmar ladabi ce da ake liƙa wa sunan mutum mai daraja. Asalinta daga Larabci ne, tushe ɗaya da kalmomin sahibi da sahabi da Hausa ta aro.

Karatu

A shekarar 1885 Phalke ya shiga makarantar zane-zane ta Sir J. J. da ke Bombay. Daga nan ya bi yayansa zuwa Baroda, inda ya shiga makarantar Kala Bhavan ya koyi zanen fenti, da tsarin gine-gine, da ƙera siffofi. A wannan lokacin ne ya sayi kyamararsa ta farko ya fara gwada ɗaukar hoto da wanke shi. Daga baya ya koyi yadda ake sassaƙa hoto a jikin ƙarfe ko dutse don bugawa a takarda, da yadda ake buga hoto mai launi. Duk waɗannan sana'o'i sun yi masa rana a gaba, domin lokacin da ya shiga harkar fim babu wani gwani a ƙasar da zai ɗauka aiki, shi ne ya riƙa yin kusan komai da kansa.

Ɗaukar hoto da aikin maɗaba'a

A tsakiyar shekarun 1890 ya buɗe shagon ɗaukar hoto a garin Godhra da ke Gujarat. Kasuwar ba ta yi albarka ba. Sannan annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta yi ɓarna sosai a yammacin Indiya a ƙarshen ƙarni na 19, ta yi ajalin matarsa ta farko da ɗansu. Ya bar garin ya koma Baroda, inda ya yi aikin zana labulen dandalin wasan kwaikwayo. A nan ne kuma ya koyi dabo da rufa-ido, har ya riƙa yin wasa a gaban jama'a da sunan Farfesa Kelpha, sunan da ya samo ta hanyar juya gaɓoɓin Phalke. Wannan ilimin ne ya yi amfani da shi daga baya wajen dabarun kyamara, inda mutum zai ɓace ko ya tashi sama a cikin fim.

A 1902 ya auri matarsa ta biyu, Saraswati. A 1903 ya kama aiki a hukumar binciken kayan tarihi ta gwamnati a matsayin mai ɗaukar hoto da zane. Bai daɗe ba ya ajiye aikin, a daidai lokacin da gwagwarmayar Swadeshi ke ƙarfi, wato kiran da 'yan kishin ƙasa suka yi na a ƙaurace wa kayan Birtaniya a dogara da na gida. Ya kafa maɗaba'a a Lonavla, inda ya yi wa maɗaba'ar shahararren mai zane Raja Ravi Varma aiki. Zanen Varma na gumakan Hindu da jaruman tatsuniyoyinsu sun shiga kusan kowane gida a Indiya, kuma irin wannan siffa ce Phalke ya ba jarumansa a fim. A 1909 ya je Jamus don sayo na'urorin buga launi. Bayan dawowarsa saɓani ya shiga tsakaninsa da abokin kasuwancinsa, sai ya bar maɗaba'ar gaba ɗaya.

Shigarsa harkar fim

Tsakanin ƙarshen 1910 da farkon 1911, yana da shekara 40 kuma ba shi da aikin yi, Phalke ya kalli wani fim na Turai mai suna The Life of Christ, kan rayuwar Annabi Isa, a wani gidan silima a Bombay. A lokacin yawancin abin da ake nunawa a silimun Indiya daga Turai da Amurka ake kawo shi. Kallon wannan fim ne ya sa ya ƙudurta cewa za a iya nuna labaran Rama da Krishna a majigi kamar yadda Turawa ke nuna nasu.

Ya shafe kusan shekara guda yana tara littattafai da takardun kayan aiki daga Turai, yana kallon fim kowane dare, har idanunsa suka samu matsala ya daina gani na wani lokaci kafin likita ya yi masa magani. Ya jinginar da takardun inshorarsa ya karɓi bashi, ya hau jirgin ruwa zuwa Landan a watan Fabrairun 1912. A can editan mujallar Bioscope ya haɗa shi da Cecil Hepworth, ɗaya daga cikin magabatan masu shirya fim a Ingila, wanda ya bar shi ya zagaya wurin aikinsa ya ga yadda ake ɗauka da wankewa da bugawa. Phalke ya sayi kyamara ƙirar Williamson da sauran kayan aiki, ya dawo gida a watan Afrilu ya kafa kamfanin Phalke Films.

Matsalar da ta rage ita ce jari, domin masu kuɗi ba su yarda ɗan Indiya zai iya wannan aiki ba. Sai ya shuka ƙwayar wani nau'in wake a tukunya, ya kafa kyamara a gabanta, yana ɗaukar hotonta kaɗan-kaɗan har sama da wata guda. Da aka haɗa hotunan sai ga shuka tana tsirowa tana miƙewa cikin kimanin minti ɗaya. Wannan ɗan gajeren fim ne ya nuna wa masu ba da bashi, suka gamsu suka ba shi kuɗi.

Raja Harishchandra

Labarin da ya zaɓa sananne ne ga kowane mabiyin Hindu. Sarki Harishchandra mutum ne da ba ya ƙarya kuma ba ya saɓa alkawari. Wani waliyyinsu mai suna Vishwamitra ya jarraba shi, har ya rasa sarautarsa, ya rabu da matarsa da ɗansa, amma bai bar gaskiya ba, daga ƙarshe aka mayar masa da abin da ya rasa.

A wancan zamani ana kallon fitowa a fim a matsayin abin kunya, don haka Phalke bai samu macen da za ta yarda ta fito ba. Dole ya ba wani saurayi mai aiki a gidan abinci, Anna Salunke, matsayin sarauniya Taramati. Dattatraya Damodar Dabke ne ya fito a sarki, ɗan Phalke mai suna Bhalchandra kuma ya fito a ɗan sarki. An ruwaito cewa Phalke ya shawarci ma'aikatansa su riƙa gaya wa dangi cewa a wata masana'anta suke aiki, don kada a guje su.

Phalke ne ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya tsara wuraren ɗauka, ya yi wa 'yan wasa kwalliya, ya kuma tace fim ɗin. Trymbak Telang ne ya riƙe kyamara. Saraswati ta ba da kayan adonta don a samu kuɗi, ta koyi haɗa sinadaran wanke fim, tana riƙe farin zane a rana don hasko fuskokin 'yan wasa, sannan ita ce ke dafa wa dukan ma'aikata abinci. Saboda haka masana tarihi da dama ke lissafa ta cikin waɗanda suka kafa masana'antar.

An fara nuna fim ɗin ga manyan baƙi a gidan wasa na Olympia ranar 21 ga Afrilu, 1913, sannan aka buɗe wa jama'a a silimar Coronation da ke unguwar Girgaon a Bombay ranar 3 ga Mayu, 1913. Tsawonsa kimanin minti 40 ne. Tun da ba a jin magana, ana sanya rubutu tsakanin fitowa da fitowa don bayyana abin da ke faruwa. Fim ɗin ya samu karɓuwa, ya kuma mayar da kuɗinsa har da riba.

Akwai masu ganin cewa Shree Pundalik na Dadasaheb Torne, wanda aka nuna a watan Mayun 1912, shi ya cancanci a kira shi na farko. Masu ƙin wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa wasan dandali ne kawai aka ɗauka, Bature ne ya riƙe kyamara, kuma a Landan aka wanke shi.

Shekarun Nashik

A ƙarshen 1913 Phalke ya mayar da kamfaninsa Nashik, inda ake da haikalai da kogi da duwatsu da suka dace da irin labaransa. A fim ɗinsa na biyu, Mohini Bhasmasur, ya samu mata biyu 'yan wasan dandali, Durgabai Kamat da 'yarta Kamlabai Gokhale, waɗanda suka zama matan farko da suka fito a fim ɗin Indiya. Satyavan Savitri ya biyo baya a 1914. A wannan shekarar ya sake zuwa Landan ya nuna ayyukansa, aka yaba, har aka yi masa tayin ya zauna ya yi aiki a can, amma ya ƙi.

Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta jefa shi cikin wahala. Shigo da kayan aiki ya yi wuya, masu jari suka janye, bashi ya taru. Abin da ya fitar da shi shi ne Lanka Dahan na 1917, wanda aka ɗauko daga labarin Ramayana. A cikinsa Anna Salunke ya fito a Rama ya kuma fito a matarsa Sita, wanda ake ɗauka shi ne karo na farko da ɗan wasa ɗaya ya taka rawa biyu a fim ɗin Indiya. Jama'a sun yi cincirindo a silimu, kuma cinikin da aka yi ya nuna wa 'yan kasuwar Bombay cewa akwai kuɗi a harkar.

Kamfanin Hindustan

A farkon 1918 wasu attajirai biyar na Bombay suka haɗa jari da shi aka kafa kamfanin Hindustan Cinema Films. A ƙarƙashinsa ya yi Shri Krishna Janma a 1918 da Kaliya Mardan a 1919, inda 'yarsa ƙarama Mandakini ta fito a Krishna yana yaro. Sai dai zaman bai yi daɗi ba. Phalke mutum ne mai son a yi aiki yadda ya tsara komai tsadarsa da daɗewarsa, abokan jarinsa kuwa lissafin riba suke yi. Ya fice daga kamfanin, ya kwashe iyalinsa zuwa Kashi, wato Varanasi, ya ce ya bar fim. A can ya rubuta wasan dandali mai suna Rangbhoomi, wanda tsawonsa ya sa sai an raba shi dare biyu. Wasan bai samu kasuwa ba, kuɗin da aka zuba suka narke.

A farkon shekarun 1920 ya koma kamfanin Hindustan, amma a wannan karon a matsayin ma'aikaci mai karɓar albashi. Mafi yawan fina-finansa a wannan zangon ya yi su. A lokacin kamfanoni sun yawaita a Bombay da Calcutta da Kolhapur, 'yan kallo kuma sun fara karkata ga labaran zamani da na faɗa da na soyayya, shi kuwa bai bar labaran addini da tatsuniya ba.

Zuwan fim mai magana

Ranar 14 ga Maris, 1931 aka saki Alam Ara na Ardeshir Irani, fim ɗin Indiya na farko mai magana da waƙa. Wannan ya sauya komai. A da fim mara sauti yana iya zagaya ƙasar duka, a canza rubutun bayani kawai. Da sauti ya zo sai kowane fim ya zama na wani harshe, masana'antar ta rarrabu zuwa ta Hindi da Bengali da Marathi da Tamil da Telugu da sauransu, waƙa da rawa kuma suka zama ginshiƙi.

Sauyin ya riski Phalke yana tsakiyar aikin Setubandhan, wanda ya ɗauka ba sauti. Kafin ya gama kasuwar irinsa ta mutu. An ɗora masa murya daga baya, amma bai yi ciniki ba. Fim ɗaya tak ya yi mai magana, Gangavataran, wanda ya shirya wa kamfanin Kolhapur Cinetone aka sake shi a 1937, yana da shekara 67. Shi ne aikinsa na ƙarshe.

Rasuwa

Phalke ya koma Nashik ya ƙarasa rayuwarsa cikin rashin lafiya da ƙarancin abin hannu. Ya rasu ranar 16 ga Fabrairu, 1944 yana da shekara 73, shekara uku kafin Indiya ta samu 'yancin kai. A lokacin masana'antar fim ta Indiya ta riga ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, amma rasuwarsa ba ta ja hankalin jama'a sosai ba.

Bikin Kyaututtukan Fina-finai na Ƙasa

Bayan samun 'yanci a 1947, gwamnati ta kafa kwamitin bincike kan harkar fim a 1949 ƙarƙashin S. K. Patil. Daga cikin shawarwarin da kwamitin ya bayar akwai karrama fina-finai masu inganci kowace shekara. An yi bikin farko a watan Oktoban 1954 a Delhi, don fina-finan 1953, kuma shugaban ƙasa Rajendra Prasad ne ya miƙa kyaututtukan. A lokacin ana kiransu kyaututtukan gwamnati, daga baya aka sauya suna zuwa na ƙasa. Fim ɗin da ya fara lashe lambar zinariya ta shugaban ƙasa shi ne Shyamchi Aai, wanda aka yi da Marathi, harshen Phalke.

Tun daga biki na biyu aka fara ware kyauta ga fim mafi kyau a manyan harsunan ƙasar, abin da ya bambanta wannan biki da na mujallar Filmfare, wanda shi ma aka fara a 1954 amma ya fi mayar da hankali kan fina-finan Hindi. Pather Panchali na Satyajit Ray, da harshen Bengali, ya zama fim mafi kyau na 1955. Kyautar jarumi da jaruma ba ta shigo ba sai a fina-finan 1967, inda Uttam Kumar da Nargis suka fara karɓa. Kwamitin alƙalai da gwamnati ke naɗawa ne ke yin zaɓe, kuma bisa al'ada shugaban ƙasa ne ke miƙa lambobin. Manyan lambobin iri biyu ne, Swarna Kamal ta zinariya da Rajat Kamal ta azurfa. Kamal sunan wani fure ne na ruwa mai kama da bado, wanda Indiya ta ɗauka a matsayin furen ƙasa.

Lambar yabo ta Dadasaheb Phalke

A 1969, gab da cika shekara 100 da haihuwarsa, gwamnati ta ƙirƙiro lambar yabo da sunan Phalke, wadda ake ba mutum ɗaya a shekara saboda hidimar da ya yi wa fina-finan Indiya tsawon rayuwarsa. An fara miƙa ta a biki na 17, ga jaruma Devika Rani, wadda ita da mijinta Himanshu Rai suka kafa kamfanin Bombay Talkies a 1934. Wanda ya samu ana ba shi lambar Swarna Kamal da mayafi da kuɗi. Kuɗin ya daɗe a kan rupi miliyan 1, kafin a ƙara shi zuwa miliyan 1.5 a 2024.

Ana lissafa lambar da shekarar fina-finan da ake karramawa, ba shekarar da aka yi bikin ba. Daga cikin waɗanda suka samu akwai Prithviraj Kapoor (1971), wanda aka ba shi bayan rasuwarsa, da Satyajit Ray (1984), Raj Kapoor (1987), mawaƙiya Lata Mangeshkar (1989), Dilip Kumar (1994), Asha Bhosle (2000), Yash Chopra (2001), Dev Anand (2002), Shashi Kapoor (2014), Amitabh Bachchan (2018), Rajinikanth (2019), Waheeda Rehman (2021) da Mithun Chakraborty (2022). Raj Kapoor ya halarci bikin a watan Mayun 1988 ba shi da lafiya, ciwon ya tashi masa a zauren har shugaban ƙasa ya sauko ya same shi a kujerarsa, kuma ya rasu bayan wata guda. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye sanannu ne a ƙasar Hausa, inda aka shafe shekaru da dama ana nuna fina-finan Indiya a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos da sauran birane.

Akwai wasu bukukuwa masu zaman kansu da su ma suke amfani da sunan Phalke suna raba kyaututtuka ga taurari da yawa a lokaci guda. Waɗannan ba su da alaƙa da lambar gwamnati, kodayake sau da yawa ana rikita su a labarai da shafukan sada zumunta.

Tunawa da shi

A 1971 hukumar gidan waya ta Indiya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa. A 2001 aka sanya wa babbar alƙaryar shirya fina-finai ta Mumbai suna Dadasaheb Phalke Chitranagari. A 2009 darakta Paresh Mokashi ya yi fim da Marathi mai suna Harishchandrachi Factory kan yadda aka shirya Raja Harishchandra, kuma shi Indiya ta tura gasar Oscar a rukunin fina-finan harsunan waje.

Mafi yawan ayyukan Phalke sun salwanta. Irin fim ɗin da ake amfani da shi a zamaninsa yana saurin kamawa da wuta, yana kuma lalacewa idan ya daɗe a ajiye. Cikin fina-finai marasa sauti sama da 1,000 da aka yi a Indiya, ƙalilan ne suka tsira. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Pune, wadda aka kafa a 1964, ta tattaro abin da ya saura a hannun iyalinsa ta ƙoƙarin P. K. Nair. A can ake ajiye da mafi yawan Kaliya Mardan, da gutsattsarin Lanka Dahan da Shri Krishna Janma, da sashen farko da na ƙarshe na Raja Harishchandra. Wasu masana tarihin fim suna ganin waɗannan sassa biyu ba na 1913 ba ne, na sabon ɗauka ne da Phalke ya sake yi wa labarin a 1917.